Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗaga Mashaƙar Iskar Aksil da Juyen Man Giya a Motar A-kori-kura

Waɗannan su ne tambayoyin da masu motocin a-kori-kura a Zariya da kewaye suka fi yi game da aksil ɗin baya, wato bututun ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu, da man da ke cikinsa, musamman masu jigilar masara daga Giwa, da rake daga Maƙarfi, da kayan gwari daga fadamun kogin Galma. Yawancin misalan sun shafi Toyota Hilux ne, domin ita ta fi yawa a hanyoyinmu, amma ƙa'idar ɗaya ce a sauran motocin. Duk inda littafin motarka ya saɓa wa abin da aka rubuta a nan, to littafin za ka bi.

Mece ce mashaƙar iskar aksil, kuma a ina take?

Idan ka leƙa ƙarƙashin motar ta baya, za ka ga wani ɗan ƙarfe mai hula a saman bututun aksil, kusa da tulun da ke tsakiya, wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Shi ne mashaƙar iska. Aksil ba a cika shi da mai har baki. Mai na ƙasa, iska na sama. Idan mota ta yi tafiya haƙoran giya suka ɗumama, iskar nan takan kumbura ta nemi hanyar fita, kuma ta wannan ɗan ƙarfen take fita. Idan ƙarfen na da lafiya, da ka kama hularsa da yatsu biyu, za ta juya tana motsi. Idan ta ƙame ƙam da jar laka, to ya toshe. Ɗaga mashaƙar kuwa, wato aikin da ake magana a kai a nan, shi ne a sa tiyo a gurbinta a kai bakinsa sama, don kada ruwa ya shiga aksil.

Ta yaya ruwa ke shiga aksil ɗin da ba ya yoyo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin wanda ya fahimci amsarta ya fahimci dalilin aikin gaba ɗaya. Motar da ta taso daga Kaduna ko Kano ɗauke da kaya, man aksil ɗinta kan kai zafin digiri 80 a ma'aunin salshiyos, wani lokaci ma ya zarce. A wannan hali iskar da ke ciki ta riga ta kumbura, wani ɓangare nata ya fita. To, da zarar direba ya sauka daga kwalta ya faɗa cikin ruwan da ya kwanta a kan hanya, ƙarfen yakan huce cikin ɗan lokaci, iskar da ta rage ta tsuke. Daga digiri 80 zuwa 25, iska kan tsuke da kusan kashi 15 cikin 100, kuma dole wani abu ya cike wannan gurbin. Idan mashaƙar tana cikin ruwa a lokacin, ruwa za ta zuƙa.

Akwai wani abin kuma. Mashaƙar da kamfani ke sa wa Hilux an yi ta ne don ta saki iska waje, ba don ta bar ta ta koma ciki da sauƙi ba. Saboda haka ko da ita kanta ba ta sha ruwa ba, zuƙar da ke cikin aksil takan koma kan oyil sil na gefen tayoyi da na bakin farfela (sandar da ke kawo juyi zuwa aksil), waɗanda aka ƙera don su hana mai fita, ba don su hana ruwa shiga ba. Shi ya sa mutum zai rantse cewa aksil ɗinsa bai taɓa ɗigar da ko ɗigo ɗaya ba, amma a buɗe a tarar da ruwa.

Tsayin wurin ma abin lura ne. Taya mai lamba 265/65R17 tsayinta bai cika santimita 78 ba, ke nan tsakiyar aksil na kimanin santimita 39 daga ƙasa, mashaƙar kuma ba ta kai rabin mita ba. Ruwan da bai wuce gwiwa ba ya isa ya shafe ta, balle idan mota na tura igiyar ruwa a gabanta.

Ni ba na ƙetare rafi, a cikin gari nake yawo. Shin aikin ya shafe ni?

Bai shafe ka kamar yadda ya shafi mai shiga ƙauyukan Soba ko Ikara a watan Agusta ba, amma kada ka ɗauka ka tsira. Zariya na samun ruwan sama na kusan milimita 1,000 a shekara, kuma galibinsa cikin 'yan watanni yake sauka, don haka kwalbatin da ya toshe a Sabon Gari ko Tudun Wada kan mayar da titi tafki cikin sa'a ɗaya. Masu wankin mota da injin feshi su ma kan harba ruwa kai tsaye a kan hular. Sannan da rani, ƙurar hunturu kan haɗu da ɗan maiƙon da ke bakin mashaƙar ta zama dunƙule. Idan ta toshe, iskar da ta kumbura takan tura mai ta oyil sil, ya jiƙa takalmin birkin baya, birki ya ragu. A ganina ko wanda ba zai ɗaga mashaƙar ba, wajibi ne ya riƙa murza hularta duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai.

Waɗanne kaya ake buƙata don ɗaga ta?

Kayan ba su da yawa: mahaɗin ƙarfe ko na tagulla mai tiredi a gefe ɗaya da bakin sa tiyo a ɗaya gefen, da tiyon mai wanda faɗin cikinsa ya kai kimanin milimita 6, da kilif biyu, da igiyoyin roba na ɗaure waya, da ƙaramar filta da za a sa a ƙarshe. Filtar mai ta babur tana wadatarwa, kuma ba ta da wuyar samu.

Abu biyu ne ke ɓata wa mutane aiki. Na farko tiredi. Ramin aksil ɗin Toyota na da tiredin 1/8 BSP, mai zagaye 28 a kowane inci, alhali akwai wani mai kama da shi sak, wato 1/8 NPT na Amurka, mai zagaye 27. Ido ba ya bambance su, kuma na Amurkan zai shiga zagaye biyu ko uku kafin ya cije. Wanda ya tilasta shi da sifana ya lalata ramin. Hanya mafi aminci ita ce ka kwance tsohuwar mashaƙar, ka toshe ramin da tsumma mai tsabta, ka tafi da ita wurin masu kayan gyara a Sabon Gari a gwada su haƙori da haƙori. Na biyu tiyo. Farin tiyon da magina ke auna lebur da shi yana da araha, amma zafi da mai kan sandarar da shi ya tsage cikin ɗan lokaci, kuma tsagaggen tiyo ya fi rashin tiyo illa, domin mai mota ya saki jiki yana ganin ya yi maganin matsalar. Baƙin tiyon mai na mota shi ne daidai.

Yaya ake yin aikin?

A ajiye mota a wuri mai lebur, a ja birkin hannu, a sa duwatsu gaba da bayan taya. Sauke safaya na buɗe wuri sosai. Kafin a taɓa sifana, a wanke kewayen mashaƙar da buroshi har ƙarfe ya fito fes, saboda duk ƙwayar yashin da ta faɗa ramin, kan haƙoran giya za ta sauka. Daga nan a kwance ta, galibi da sifana mai lamba 12 ko 14, a naɗa wa sabon mahaɗin farin tef na masu aikin famfo zagaye biyu, ana barin haƙorin farko tsirara don kada guntun tef ya faɗa ciki. A fara ɗaurawa da hannu, sannan a ƙarasa da sifana a hankali. Tiredin tsukakke ne daga ƙasa, yana ƙara kamawa yayin da yake shiga, don haka ba ya buƙatar ƙarfi.

Wurin da ake buƙatar natsuwa shi ne jan tiyon. Aksil na hawa yana sauka, shasi kuwa na tsaye, ke nan tiyon da aka ja shi tamau zai fizge a ramin farko da mota ta faɗa. Don a san iyakar saukar aksil, a ɗaga motar ta jikin shasi har tayoyin baya su bar ƙasa, a tokare ta da matokaran ƙarfe, sannan a auna tiyon a wannan hali, a ƙara masa ɗan sarari. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Dubi yadda kamfani ya lanƙwasa tiyon birki daga aksil zuwa shasi. Irin wannan sararin za ka bari. A nisanta tiyon daga salansa da sifirin da duk wani ƙarfe mai kaifi, kuma a sa ya riƙa hawa sama har ƙarshe, ba tare da ya yi kwari a tsakiya ba, domin tururin mai kan taru a kwarin ya toshe hanya.

Ina ya fi dacewa a kai bakin tiyon?

Wurare uku aka fi amfani da su: bayan fitilar baya, ko gefen wuyan tankin mai, ko cikin bonet a jikin bangon da ya raba inji da ɗakin direba. Biyun farko mita 2 na tiyo kan ishe su, na ukun kuwa sai an tanadi mita 5 ko 6. Ga mai aikin gona da kasuwa, bayan fitila ya wadatar, domin ya ninka tsayin asali, kuma fesin taya ba ya kai masa. Bakin ya kalli ƙasa, kuma kada a bar shi a buɗe. Zanzaro na son irin wannan ramin. Cikin kwana kaɗan zai liƙe shi da laka, aksil ya rasa numfashi. Filtar da aka sa a bakin ita ke hana shi da ƙura shiga, kuma tana barin iska ta shiga ta fita. A kula kada a mayar da tsohuwar mashaƙar can sama, tunda ita fitarwa kawai ta iya.

Bayan an ɗaga ta, zan iya shiga ruwa mai zurfi?

A'a. Iyakar zurfin da Toyota ta ba Hilux ɗin da ta fito daga 2015 milimita 700 ne, kuma tiyon aksil bai ƙara ko milimita ɗaya a kai ba, domin inda inji ke shaƙar iska da wayoyin lantarki suna nan inda suke. Ruwa mai gudu kuwa, ko bai kai haka ba, yana iya tafiya da mota.

Ta yaya zan gane ruwa ya riga ya shiga, kuma me zan yi?

Kwance notin ɗura mai da ke jikin tulun, ka tsoma yatsa. Lafiyayyen mai ruwan zuma ne ko baƙi-baƙi, kuma haske na ratsa shi. Wanda ruwa ya gauraya da shi fari-fari ne mai kauri kamar kunun gyaɗa, wani lokaci da kumfa. Idan motar ta kwana a tsaye, ruwan kan kwanta a ƙasa, don haka idan ka sassauta notin tsiyayewa kaɗan, ruwa ne zai fara ɗigowa kafin mai.

Irin wannan man ba a jira da shi. Ya rasa ƙarfin raba haƙori da haƙori, kuma boris na fara tsatsa a ciki ba tare da wata ƙara ba. Kafin kunne ya ji kuka, ɓarnar ta yi nisa. A juye shi, a bar shi ya tsiyaye sosai, a zuba sabo mai sauƙin kuɗi amma na daidai, a yi 'yar tafiya har aksil ya ɗumama, a sake juyewa, sannan a zuba mai kyau. Ban goyi bayan zuba fetur ko gas a tuƙa mota da sunan wanke aksil ba, domin a wannan tafiyar haƙora na cin juna ne ba tare da kariya ba. Wannan dubawar da yatsa, a ganina, ta fi ɗaga mashaƙar kanta muhimmanci, kuma wanda ya sa tiyo bai kuɓuta daga yin ta ba, tunda tsohon oyil sil na iya shan ruwa ko da tiyo ko babu.

Wane irin mai ya dace da aksil?

Man giya mai alamar API GL-5. Haƙoran aksil ɗin baya ba birgima kawai suke yi a kan juna ba, har da gogayya ƙarƙashin nauyi mai yawa, shi ya sa ake sa wa wannan man sinadaran farar wuta da fosfaras, waɗanda su ne ke ba shi warin nan mai ƙarfi. Baƙin man inji ba shi da su, saboda haka ba ya maye gurbinsa ko kaɗan. Kaurin da aka saba gani a tsofaffin motoci shi ne SAE 90 ko 80W-90 ko 85W-90, sababbin Toyota kuwa da yawa 75W-85 suke nema. Lambobin man giya ba ma'auni ɗaya suke bi da na inji ba. Mai lamba 90 kaurinsa kusa yake da baƙin mai mai lamba 40 ko 50.

Idan a jikin tulun akwai takarda mai rubutun LSD, to aksil ɗin na da faifan kuloci a ciki, kuma sai man da aka rubuta wa LSD. Idan aka zuba na gama-gari, motar kan yi gurnani da karkarwa a kwana. Game da saye kuma, shawarata a sayi galan mai hatimi, a guji man awo da ake ɗebowa daga durom ɗin da ba a san asalinsa ba.

An ce mini idan aksil na kuka a zuba mai lamba 140. Gaskiya ne?

Zai rage kukan a kunne, amma ba zai gyara abin da ke kukan ba. Mai 85W-140 na da amfani ga motar da ke ɗaukar kaya masu nauyi cikin zafin bazara, in dai littafinta ya yarda. Aksil mai kuka kuwa boris ne ko haƙora suka ci, kuma buɗewa yake buƙata.

Yaya ake juyen man aksil a gida?

A fara da ɗan zagaye na minti goma don man ya yi laushi, sannan a tsaya a wuri mai lebur. Dokar da ba a karyawa ita ce a kwance notin ɗurawa kafin na tsiyayewa. Wanda ya fara zubar da mai, sannan ya tarar na sama ya ƙi kwantuwa, ya zauna ke nan da motar da ba ta iya fita daga gida. A Hilux notocin biyu na baya lamba 24 ne, kuma kansu gajere ne, don haka a yi amfani da soket mai kusurwa shida, a danna shi sosai kada ya zame ya cinye kan.

Notin ƙasa na ɗauke da maganaɗisu, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi. Baƙin gari mai laushi wanda idan ka murza a yatsu ba ka jin tsini, wannan cin yau da kullum ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da kaifi, ko guntun ƙarfe, alama ce ta cewa wani abu na farfashewa a ciki. A goge shi tas, a sa sabuwar washa, domin tsohuwar ta riga ta matse ba za ta sake rufewa da kyau ba. Ƙarfin ɗaurin notocin aksil ɗin baya na Toyota 49 Nm ne. Wanda ba shi da sifana mai awo ya ɗaure da hannu ɗaya har washa ta kama, kada ya sa dogon bututu ko ya taka da ƙafa.

Ana ɗura sabon man da ƙaramin famfon hannu ko da tiyo da mazurari, har sai ya fara malalowa daga ramin. Wannan shi ne ma'auninsa. Yawanci yakan ci tsakanin lita 2 da 3 da rabi, gwargwadon aksil. Wasu kan karkata mota don ta ci ƙari, alhali ƙarin kumfa yake yi, ya hau tiyo ko ya tura oyil sil.

Bayan wane lokaci ake juyewa?

Jadawalin Hilux da yawa na sa shi a kilomita 40,000, kuma a rage idan motar na ja ko ɗaukar nauyi. Ga hanyoyinmu, ya fi kyau a haɗa da lissafin yanayi: a duba a watan Mayu kafin ruwa ya kankama, a sake dubawa a Oktoba bayan ya ɗauke, sannan a duba duk ranar da ruwa ya shafe aksil, ko jiya aka zuba man.

Giyabos da giyar taimako da farfela fa?

Tsarin juyewar ɗaya ne, man ne ya bambanta. Giyabos na hannu galibi GL-4 yake so, kamar 75W-90, saboda a cikinsa akwai zobban tagulla da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, kuma sinadaran GL-5 na iya yi musu yawa, giya ta riƙa gardama. Akwatin giyar taimako, wanda ke kai juyi ga tayoyin gaba, kan ci kusan lita 1, jikinsa na alminiyam ne, don haka a sassauta hannu wajen ɗauri. Wasu motocin man giya suke sha a nan, wasu kuma jan man otomatik, saboda haka kada a yi kirdado. Aksil ɗin gaba GL-5 ne kamar na baya, kuma a motoci da yawa kamfani ya riga ya ja masa tiyo zuwa cikin bonet, sai dai a duba ko bai tsage ba. Littafin Toyota na ba da shawarar a sa taimako a yi tafiyar kilomita 16 kowane wata don mai ya zagaya gaba, amma a kan hanyar ƙasa, ba busasshiyar kwalta ba.

Farfela giris take buƙata, mai lamba NLGI 2. A goge kan kowane nono, wato ɗan bakin da ake ɗura giris ta cikinsa, kafin a matsa, a ci gaba da matsawa a kuros, wato gaɓar farfela, har sabon giris ya leƙo ta gefuna. Wurin da farfela ke zamewa ciki da waje matsa kaɗan ta ishe shi, domin idan aka cika shi ba zai iya tsukewa ba, ya riƙa tura boris. Bayan shiga ruwa, a yi giris kafin kwana ɗaya ya wuce.

Zan iya juyen man giyar otomatik da kaina?

Idan tana da sandar awo, tsiyayewa da mayar da daidai abin da ya fita ba shi da wahala, muddin an yi amfani da irin man da aka rubuta, kamar T-IV ko WS a Toyota, ba tare da an gauraya su ba. Wadda ba ta da sanda kuwa, ana auna manta ne a wani takamaiman zafi inji na aiki, kuma wannan aikin mai na'ura ne.

Wane aiki ya kamata a bar wa bakanike?

Canza oyil sil na bakin farfela, domin babban notin da ke wurin shi ke riƙe da matsin boris, kuma idan aka ɗaure shi fiye ko ƙasa da ƙima aksil zai fara kuka cikin ɗan lokaci. Haka nan canza boris ɗin taya, da daidaita haƙoran tulu, da duk lokacin da aka ga mai a cikin gangar birki. Takalmin da ya sha mai canza shi ake yi, ba wankewa ba. Idan za ka je, ka riƙe notin maganaɗisun da ɓarɓashinsa a leda, ka kuma gaya wa malamin garejin ko kukan na zuwa ne idan an taka totur ko idan an saki, domin wannan bayanin na rage masa lalube.

Ina za a kai tsohon man?

A tara shi a jarka mai murfi a kai gareji, inda akwai masu karɓa. Kada a zuba a kwata ko a bayan gida, domin magudanan gari da yawa rafin Kubanni suke gangarawa, shi kuma ya shiga kogin Galma, inda ake noman rani da shayar da dabbobi. A ajiye jarkar nesa da yara, kuma kada a sake zuba ruwa ko man girki a cikinta.